Laftof Ta Koma Dutsen Guga Bayan An Canza Mata Windows? Dakata Da Fomatin

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, wani ƙorafi ya zauna daram a hirar ɗalibai. A guruf ɗin aji na WhatsApp, a Facebook, a X, labarin ɗaya ne. Wannan ya ce tun da aka sa masa Windows 11 laftof ɗinsa ke zafi kamar dutsen guga. Wancan ya ce yana cikin taifin sai ta sandare, linzami ko motsi ba ya yi. Wata kuma ta ce tata ɗaukewa take yi ɗif, ga caji cike. Waɗanda suka gudu zuwa Linux ma ba su tsira ba, wasu fankarsu ihu take yi tun safe har dare.

Amsar da aka fi ba su ita ce: a kai ta a sake yi mata fomatin.

Wannan fili bai yarda da wannan amsar ba. Fomatin share komai ne a sake zubawa, ba ya gaya maka abin da ke damun na'urar. Idan ƙura ce ta toshe mata numfashi, ko batir ne ya mutu, sau goma za a yi mata fomatin, sau goma za ta koma gidan jiya. Abin da za ka yi asara shi ne kuɗin aiki, da datar da za ka ƙona wajen sake sauke manhajoji, wani lokacin har da babi uku na furojet ɗin da ba ka ajiye a wani wuri ba. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Abin da ya sa kowa ke canzawa

Windows 11 ta fito ne ranar 5 ga Oktoba, 2021, kuma ta zo da sharuɗɗa. Tana buƙatar guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da RAM aƙalla gig 4, da wurin ajiya gig 64, sannan firosesa ta Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama a ɓangaren AMD. Gane ƙarnin ba wuya. Duba lambar da ke bin i5 ko i7: idan ka ga i5-6300U, ƙarni na 6 ne, idan i5-8250U ne, ƙarni na 8 ne.

To a nan gizo ke saƙar. Mu faɗi gaskiya, yawancinmu kwamfutar hannu muke riƙewa, wadda ta yi shekaru tana aiki a wani ofis a Turai ko Amurka kafin ta iso Computer Village a Ikeja, ko Banex a Abuja, ko titin Beirut a Kano. Ɗauki HP EliteBook 840 G3 da ta cika hostel-hostel: ƙarni na 6 ce, ba ta cikin jerin da Microsoft ta amince wa Windows 11. Akwai dabarar tsallake sharaɗin, kuma ana yi kullum. Sai dai Microsoft ta faɗa a fili cewa na'urar da aka sa wa Windows 11 ta wannan hanya ba ta da tabbacin samun sabuntawa. Shi kuma kamfanin da ya ƙera tsohuwar na'urar sau da yawa bai fitar mata da direbobin Windows 11 ba. Direba a nan shi ne ƙaramar manhajar da ke fassara magana tsakanin Windows da wani sashe na kwamfuta, kamar katin hoto, ko sauti, ko sashen da ke kula da wuta da zafi.

Yadda zafi ke kashe kwamfuta

Firosesa tana fitar da zafi gwargwadon aikin da aka ɗora mata. Wani bututun tagulla ke kwashe zafin ya kai bakin fanka, fanka ta hura shi waje ta cikin wasu siraran ƙarafa masu kama da matsefi. Tsakanin firosesa da tagullar akwai wani mai mai kauri, launin toka, wanda ke cike 'yan ramukan da ido ba ya gani don zafi ya wuce da kyau. Da shekaru suka ja, man yakan bushe ya tsattsage.

Yawancin firosesar laftof ta Intel iyakarta wajen digiri 100 ne a ma'aunin Salsiyos. Idan ta kusa nan, sai ta rage gudu da kanta don ta huce. Wannan ne lokacin da kake ganin komai ya yi nauyi, bidiyo na tsinkewa, rubutu na fitowa bayan ka gama dannawa. Idan rage gudun bai wadatar ba, sai na'urar ta yanke wuta gaba ɗaya. Ɗaukewar nan da ke ba ka haushi, kare kanta take yi daga ƙonewa.

Ga wani abin da ba a cika faɗa mana ba. Kamfanoni irin su HP, Dell da Apple sun rubuta a takardun na'urorinsu cewa galibi an ƙera su ne don aiki a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a bazara, watannin Maris, Afrilu da Mayu, Sakkwato da Maiduguri da Kano kan haura digiri 40. Ka haɗa da ɗakin kwano, babu wuta balle fankar sama, ga ƙurar hunturun da ya wuce ta yi kunshi a cikin matsefin nan, ga laftof a kan katifa. Na'urar da ma a bakin gaɓa take. Sabuwar manhaja turawa kawai ta yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da canjin manhaja ke ƙarawa

Abu uku ne suka fi yawa.

Na farko, aikin bayan fage. Sabuwar Windows a kwana ɗaya zuwa biyun farko ba ta hutawa: tana sauke sabuntawa, tana tsara jerin fayilolinka don bincike, Defender na bin komai yana dubawa. Zafin wannan lokacin mai wucewa ne. Ka jona ta da caja da intanet, ka ajiye ta a kan tebur, ka bar ta ta gama. Da yawa suna mayar da kwamfuta wurin mai gyara tun a daren farko, alhali haƙuri kawai take nema.

Na biyu, direbobi. Idan babu direban katin hoto na gaskiya, duk aikin zane da bidiyo sai ya koma kan firosesa, ita kuma ta yi ta gumi. Idan babu direban da ke kula da wuta da zafi, na'urar ba ta sanin lokacin da ya kamata ta sassauta.

Na uku, kuma wannan ne ba ma son a taɓa: manhajar sata. Windows ɗin da aka "buɗe" da wata 'yar manhaja daga shafin da ba a san mai shi ba, da Office da Premiere da wasannin da aka zubo daga filas ɗin da ya zaga kwamfuta ɗari. A shekarar 2021 kamfanin tsaron intanet na Avast ya fallasa wata muguwar manhaja da ya kira Crackonosh, wadda aka ɓoye cikin wasannin sata. Ta shiga kwamfutoci sama da 200,000, tana kashe kariyarsu, tana amfani da firosesarsu wajen haƙo kuɗin kirifto na Monero don amfanin wasu. Alamarta ita ce wadda muke magana a kai: zafi, nauyi, batir na zuba. Kai ne da sayen mai a janareta, wani can ne da riba. Araha ba ta ado.

Bi da sannu, mataki-mataki

Kafin komai, kwashe kayanka. Furojet, hotuna, takardun makaranta, ka sa a filas, ka kuma ɗora muhimman a Google Drive, wanda ke ba da gig 15 kyauta. Kwamfutar da ke ɗaukewa ba zato za ta iya lalata fayil ɗin da ke buɗe a kowane lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sannan ka auna, kada ka yi hasashe da tafin hannu. Core Temp da HWMonitor kyauta ne, kuma ƙanana ne. A ƙiyasi, idan ba ka komai, digiri 40 zuwa 60 ba laifi a yanayinmu. Idan kana haɗa bidiyo ko wasa, 70 zuwa 90 ba abin tsoro ba ne. Amma idan tana zaune a 80 alhali ba ka buɗe komai ba, ko tana taɓa 95 zuwa 100 da ka kunna YouTube, akwai magana.

Daga nan danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Duba wace manhaja ce ke cin firosesa. Idan sunan da ba ka sani ba ne yake cinye kashi 70 ko 90 cikin ɗari, bincika sunan. Ka kuma lura: idan fanka na ihu amma ta yi tsit da zarar ka buɗe Task Manager, wannan abin zargi ne, domin wasu manhajojin haƙo kirifto lafewa suke yi idan ana kallonsu. A nan ne kaɗai fomatin ke da hujja, kuma da Windows ɗin da aka sauke daga shafin Microsoft.

A wannan allon dai, duba layin faifan ajiya da na RAM. Ba duk sandarewa ce daga zafi ba. Kwamfuta mai RAM gig 4 da tsohon faifai mai juyawa, idan aka ɗora mata Windows 11 aka buɗe shafuka goma a Chrome, faifan zai tsaya a kashi 100, komai ya daskare, alhali jikinta ba zafi. Maganin wannan shi ne SSD da ƙarin RAM zuwa gig 8. Kuɗin da za ka kashe a fomatin uku da data, gara ka tara shi a nan.

Sai direbobi. Buɗe Device Manager. Idan ka ga alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa, ko a wurin katin hoto an rubuta Microsoft Basic Display Adapter, direba ne babu. Je shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, ka shigar da lambarta da ke ƙarƙashinta, ka sauke na katin hoto da na cifset da na kula da zafi. Ka guji manhajojin nan masu alkawarin sabunta direbobi duka da dannawa ɗaya. Idan za ka sabunta BIOS, wato manhajar tushe da ke tayar da kwamfuta tun kafin Windows, sai batir na da caji kuma wuta na tsaye. Ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aikin na iya kashe na'urar baki ɗaya.

Gwajin da ke raba gardama

Akwai gwaji mai sauƙi da ke nuna ko laifin manhaja ne ko na ƙarfe. Sa Linux Mint ko Ubuntu a filas, ka tayar da kwamfutar daga filas ɗin ba tare da ka girka komai ba, ka yi aiki na awa ɗaya. Idan ta yi lafiya lau, matsalar na cikin Windows ɗinka ko direbobinta. Idan a nan ma ta yi zafi ta ɗauke, to ka daina zargin Windows, ciwon a jiki yake.

Na'urar ma takan faɗi abin da ke damunta, mu ne ba ma karantawa. HP idan ta tashi ta nuna 90B, fanka ce ba ta aiki daidai. Idan 90D ne, zafi ne ya kashe ta. A HP, danna Esc sannan F2 lokacin tashi yana buɗe gwajin sassan jiki. A Dell, F12 ne. A cikin Windows kuma Event Viewer na ajiye tarihi. Za ka yawaita ganin Kernel-Power mai lamba 41. Kada wani ya tsorata ka da ita: ma'anarta kawai kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba, ba ta faɗin dalili. Abin da aka rubuta daf da ita shi ne abin dubawa.

Kada ka manta da batir da caja, musamman a ƙasar da wuta ke zuwa ta tafi kamar baƙon da bai yi sallama ba. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna ƙarfin da aka ƙera batir da shi da kuma abin da yake iya ɗauka yanzu. Idan ya koma ƙasa da rabi, yana iya nuna maka kashi 40 ya kuma yanke nan take da ka buɗe aiki mai nauyi, ko a daidai lokacin da ake juyawa daga NEPA zuwa janareta. Caja ma haka: na'urar da ke son wat 65 ba ta ƙoshi da ta wat 45, kuma Dell kan rage gudun firosesa idan ba ta gane cajar ba. Idan kuwa ka ga wurin linzamin yatsa ya ɗago ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ne ya kumbura. Kashe ta, cire caja, a canza shi. Wannan batun gobara ne, ba wasa ba.

Idan duk wannan lafiya, saura shara. A buɗe ta, a cire batir, a share fanka da matsefin da buroshi mai laushi, a goge tsohon man a sa sabo kamar ƙwayar shinkafa. Man firosesa na gaskiya fa, ba makilin ba, duk abin da ka gani a TikTok. Kada a sa laftof a firiji ko a ɗora ta kan ƙanƙara, raɓar da za ta taru a ciki ta fi zafin illa. A yanayinmu, shara sau ɗaya a shekara bayan hunturu ba almubazzaranci ba ne. Kafin nan, sauke ta daga katifa da filo da darduma, ka ɗaga bayanta da marfin gora biyu don iska ta shiga. A saitin wuta kuma, mayar da iyakar ƙarfin firosesa daga kashi 100 zuwa 99 yana hana ta tsallen gudun da Intel ke kira Turbo Boost a kwamfutoci da yawa. Gudu zai ɗan ragu, zafi ma ya sauka sosai.

Ga 'yan Linux

Ku da kuka koma Mint ko Ubuntu, kun yi dabara, don Ubuntu 24.04 da Mint 22 duk suna da tallafi har 2029, kuma nau'in Xfce na Mint ba ya da nauyi ga tsohuwar na'ura. Amma ku ma akwai aikin gida. Ku girka lm-sensors, ku rubuta sensors a tamina ku ga zafin. Umarnin journalctl -b -1 -e yana nuna abin da aka rubuta a ƙarshen zaman da ya gabata, wato daf da ɗaukewa. Idan na'urar na da katin NVIDIA, ku buɗe Driver Manager a Mint ko Additional Drivers a Ubuntu ku sa direban kamfanin, sannan ku saita katin ya riƙa tashi sai an buƙace shi. Barin sa a kunne kullum na daga cikin manyan dalilan zafi da zubar batir. TLP na taimakawa wajen tattalin wuta, amma kada a haɗa shi da wata manhajar mai irin aikinsa, faɗa za su yi. Wanda ya bar Windows da Linux a kwamfuta ɗaya kuma, ya kashe Fast Startup a Windows, don yana barin faifai a kulle.

Kafin ka yi hijira dai, tambayi kanka da me kake aiki. Premiere da Photoshop ba su da nau'in Linux. Akwai Kdenlive da GIMP da LibreOffice, Audacity ma na nan, amma koyon sabon abu ana saura sati biyu difens ganganci ne.

Wani zai ce: to ai wani lokacin sabuwar manhajar ce ba ta dace da na'urar ba. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Akwai kwamfutar da duk abin da ka yi, ba za ta zauna lafiya da Windows 11 ba. Idan ɗaukakawa ka yi daga Windows 10 ba share komai ba, kana da kwana 10 da za ka iya komawa ta saitin Recovery. Microsoft kuma ta buɗe wa masu Windows 10 wani shiri mai suna ESU da ya tsawaita sabunta tsaro zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Komawa baya ba abin kunya ba ne. Abin da muke cewa shi ne a kai ga wannan hukuncin bayan bincike, kada a fara da shi.

Kira ga masu gyara, da makarantu, da mu kanmu

'Yan'uwanmu masu gyara, da yawanku matasa ne irinmu, kuma sana'arku abar girmamawa ce. Amma amana ita ce jari. Idan na'ura ba ta cika sharaɗin Windows 11 ba, ku faɗa wa mai ita kafin ku tsallake mata shinge. Ku tambaye shi ko ya kwashe kayansa. Ku sa direbobi kafin ku miƙa. Ku nuna masa zafin kafin aiki da bayan aiki. Kwastoman da ka gaya wa gaskiya shi ne zai kawo maka 'yan ajinsu goma.

Cibiyoyin kwamfuta na jami'o'i da kwalejoji, da ƙungiyoyin ɗaliban kimiyyar kwamfuta, ga aikin alheri a ƙofarku. Rana ɗaya a kowane zango, tebur biyu, buroshi, man firosesa da filas mai tsabta, za su ceci furojet ɗin mutane da yawa.

Mu kuma masu na'urar, laftof ɗin nan wani babansa ya sayar da amfanin gona ya saya masa, wata adashin mahaifiyarta ne, wani kuwa shekara guda ya yi yana tara kuɗin aikin zane. Mun iya saitin kyamarar waya, mun san lokacin da ya fi dacewa a ɗora bidiyo don ya yi tashe. Minti talatin na koyon karanta zafin kwamfuta bai fi ƙarfinmu ba. Idan za ka je wurin mai gyara, ka je da bayani: tana kai digiri 97 cikin minti biyar, batir ya koma kashi 40 na ƙarfinsa, na gwada ta da filas ɗin Linux ta sake ɗaukewa. Mai irin wannan bayanin ba a yi masa fomatin a karɓi kuɗi a sallame shi.

Idan wani a guruf ɗinku ya sake kawo kukan laftof a wannan makon, kafin ku ce masa a yi fomatin, ku tambaye shi abu biyu: ka kwashe kayanka? Digiri nawa take nunawa?